Ɗorawar Gwaggo a Cikin Shinge

A bakin ruwa, tsakanin Karaye da Rogo, akwai wani gidan hutu na gwamnati da aka gina a gonar kakana. Da aka karɓi gonar an biya diyyar ƙasa, amma ba a taɓa batun ɗorawa uku da ke cikinta ba, domin a wajenmu ƙasa daban, itace daban. Kakan ya riga ya ba 'yarsa su, wato gwaggona, a gaban mai gari. Da kalwarsu take daddawa, da daddawar take ci da kanta tun rasuwar mijinta.

Ba zan yi wa zamanin gwamnati ado ba. Kuɗin gyara sun daina zuwa, rufi ya yi ta yoyo, baƙin da suka fi daɗewa a ɗakunan su ne ƙadangaru, ban kuma ji sun taɓa kai ƙara ba. Sai dai duk bazara Gwaggo takan shiga da kwandonta da doguwar gorarta, maigadi ya tashi ya gaishe ta. In daddawa ta yi, ta farko ta maigadin ce.

Sai aka ba wani kamfani hayar wurin. Aka ce kuɗin ɗakuna ne za su riƙa ciyar da dajin da ke kewaye da gidan, su kula da itatuwa, tunda gwamnati ta gaza. A shekarun da na yi ina koyarwa na sha gyara jimloli masu kyau da babu komai a cikinsu, amma wannan har ni ta ruɗa.

Aka ja waya, aka sake maigadi. Gwaggo ta je duba 'ya'yan itacenta, sabon ya ce ta yanki tikiti. Ta dawo ta same ni a zaure.

"Kai mai boko, tashi. Yau Turancinka zai yi rana."

Muka je wajen manajan kamfanin, yaro ne mai ladabi, har da rusunawa. Na yi masa bayanin al'adar dalla-dalla, kamar ina gaban allo.

"Baba, ai duk abin da ke cikin waya namu ne," in ji shi.

Gwaggo ba ta jira ni ba. "Ɗan nan, tsuntsun da ya sauka ciki fa, shi ma naku ne?"

Ya yi dariya. "Inna, kwantar da hankalinki. In 'ya'yan sun nuna ki zo ki ɗiba, ni na ce."

Ta sa masa albarka. Washegari ta aika masa da daddawa a ƙwarya, yadda aka saba. A wajenta, wanda ya karɓi ƙwaryar nan ya amsa cewa itacen nata ne. Shi kuwa, na tabbata, ya ɗauka tsaraba ce daga wata tsohuwa mai kirki.

Saura kaɗan su nuna aka sa ranar buɗe wurin. Manya za su zo daga Kano, ana buƙatar filin ajiye motoci, kuma wai itatuwan suna tare wa baƙi kallon ruwa. Wani ɗan acaɓa ne ya faɗa mini a kasuwar Karaye cewa ana sare ɗorawar. Kafin in isa, injin yanka itace ya gama aikinsa. 'Ya'yan ɗorawa kore shar a zube cikin ƙasa, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. A gefe an jera wasu tsirrai cikin tukwanen roba, an kafa musu allo mai kira ga jama'a su ƙaunaci itatuwa.

Na nemi manajan. Ya ce umarni ne daga sama, ya ce a ba Inna haƙuri, ya ce za a aiko mata da itacen ta yi girki. Na faɗa masa maganganu da harsuna biyu, babu wadda ta tayar da kututture ko ɗaya.

Ya kuwa cika wannan alkawarin. Mai amalanke ya sauke faskare a ƙofar gidanta. Ta fito ta daɗe tana dubawa, ta taɓa wani gungume ta ce wannan daga ta tsakiya ne, wadda ta fi zaƙin gari.

Ba ta ƙona ko tsinke ba, ba ta kuma yarda maƙwabta su ɗiba ba. Na ce zan riƙa sayo mata kalwa a Rogo. Ta dube ni kamar ɗalibin da ya maimaita aji.

"Kalwar wa?" ta ce.

Ta kife babbar tukunyarta ta dafa kalwa a bayan ɗaki. Damina biyu ke nan faskaren yana ƙofar gida, gara tana ci.