Rabin Gorar Ruwa a Bayan Izom

Na fara hawan keke a shekarata ta uku a Suleja, bayan likita ya auna jinina ya ce in nemi abin da zai riƙa fitar mini da gumi. A lokacin ina aiki a Abuja, ina haya a Suleja, wunina duka a zaune yake, daga kujerar bas sai ta ofis. Na sayi keke na hannu mai kaurin taya, irin na shiga daji, na shiga cikin wasu mutane da suke fita duk Asabar bayan sallar asuba.

Na yi shekara biyu ina bin su kafin su shirya tsere mai nisa a ƙarshen damina. Za a tashi daga Suleja, a bar kwalta, a bi hanyoyin gona da duwatsu ta bayan Izom, a ɓulla Lambata, sannan a juyo. Mota za ta jira mu da ruwa a Izom, wata kuma a Lambata. Tsakanin nan, kowa da abin da ya ɗauko.

Tun ranar da na sa sunana hankalina bai kwanta ba. Ba gudun ne ya dame ni ba, ruwa ne. Ni mutum ne mai yawan gumi, ko kasuwa na je na dawo sai an matse rigata. Maƙwabcina a gidan hayarmu, wani Ibo mai sayar da kayan keke, ya yi irin wannan tseren a garinsu lokacin ƙuruciya. Shi ya duba mini birki da sarƙa, ya ɗaura mini tiyub da famfo da kayan faci a ƙarƙashin sirdi.

"Malam, ka sha ruwa kafin ka ji ƙishi," in ji shi da Hausarsa mai karkata. "Ka ci abu kafin yunwa ta zo. Kuma abin da ba ka taɓa gwadawa ba, kar ka gwada ranar tsere."

Na ce na ji. Saura kwana biyu, tsoro ya kai ni wani kanti a Abuja na sayo jakar ruwa ta goyo, irin mai siririn tiyo da ake zuƙa ba tare da an tsaya ba. Saboda ita na ajiye gora ɗaya a gida don in rage nauyi, na bar guda kawai a jikin keken. A cikin wannan gorar matata ta haɗa mini ruwan gishiri da sukari, ta matsa lemun tsami. Ta cika mini aljihun riga da dabino da dafaffen dankali.

"Baban yara, idan ka ji ba daidai ba, ka tsaya," ta ce tana miƙo mini hular kwano. "Ba wanda zai yi maka dariya."

Zuwa Izom komai lafiya. Ƙasa tana da danshi, dawa ta fi mu tsawo, iska tana da sanyi. Da na isa wurin motar ruwa na ga mutane sun yi cincirindo, na lalubi jakata na ji ta da nauyi, na wuce ban tsaya ba. Daɗin wuce mutum goma a lokaci guda ne ya ja ni.

Da hantsi ya ɗaga sai zafi ya sauko, irin zafin ƙarshen damina mai nauyi, wanda gumi ba ya bushewa a jiki. Hanyar ta tsuke, ta fara hawa. Na ji bayana ya jiƙe har cikin wando, na ce gumi ne. A tsakiyar wani hawa mai tsakuwa na kai tiyon baki na zuƙa, iska ce ta zo. Na sake zuƙa. Na sauka, na sauke jakar, na ga mahaɗar tiyon ta kwance, ruwan duka ya tsiyaye a bayana.

Na ajiye jakar. Na ciro gorar na ɗaga ta sama, saura rabi. Ban san nisan da ya rage zuwa Lambata ba, na dai san ya fi awa. Na duba waya, babu sabis. Na kurɓa sau ɗaya na ci gaba, ina lissafin kurɓa nawa suka rage. Na sa dabino a baki na kasa haɗiyewa, don babu miyau. Cinyata ta dama ta fara tsukewa duk lokacin da na danna feda. Wani rafi da na tsallaka ruwansa ja ne, shanu sun dama shi, amma sai da na waiwaye shi sau biyu.

A gangaren gaba na hango keke a kwance a gefen hanya, da mutum zaune a gindin kaɗanya. Wani dattijo ne cikin ƙungiyarmu, ɗan Zariya, ma'aikacin banki. Duk da furfurarsa shi yake wuce mu kowace Asabar, kuma ba ya son ɗaukar kaya, gora ɗaya kawai yake fita da ita.

"Alhaji, lafiya?"

Ya ɗago ya dube ni kamar bai san ni ba. "Direban bai zo ba," ya ce. "Ka gaya musu su fara mitin ɗin."

Na sauka na matsa kusa da shi. Na taɓa goshinsa, zafi rau, kuma a bushe. Gorarsa tana gefe, babu ko ɗigo.

Zan faɗi gaskiyar abin da na yi. Na tsaya tsakaninsa da kekena yadda ba zai ga gorata ba. Na ce a raina wasu suna tafe a baya, za su ba shi. Na ce idan na ba shi na faɗi ni ma, mun zama biyu. Na saurara ko zan ji ƙarar sarƙa ko muryar wani, babu komai sai kukan tsuntsaye. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Ba na jin ya kai minti ɗaya, amma na yi shi.

Sai kansa ya langaɓe gefe. Na zaro gorar, na durƙusa, na tallafe shi.

"Alhaji, buɗe baki. Kaɗan kaɗan."

Ya haɗiya, ya yi tari, ya sake haɗiya. Na cire masa hula da takalmi, na buɗe masa riga, na matse jiƙaƙƙiyar jakata a wuyansa, ina yi masa fifita da ganye. Kafin in ankara gorar ta ƙare. Idonsa ya ɗan dawo, amma bai iya tashi ba. Ni ma da na miƙe sai da na riƙe itacen saboda jiri.

Can nesa na ji carar zakara. Ban so in bar shi ba, amma zama ba zai kawo ruwa ba. Na jingina shi da kyau, na bi wata siririyar hanya cikin gonar doya da ƙafa, ina ɗingishi, ina waiwaye har na daina ganin kaɗanyar. Duk takun da na yi ina tunanin abin da zan gaya wa iyalinsa idan na dawo na tarar da shi ba rai.

Na ci karo da wata tsohuwa Bagwariya ɗauke da itace a kafaɗa. Na buɗe baki, magana ta ƙi fita, sai na nuna mata gorar.

"Ɗana, kai kaɗai ne?" ta tambaya.

"Mu biyu ne, Mama. Ɗayan ya faɗi."

Ta yar da itacen nan take, ta ƙwala kira da yarensu. Gidansu bai yi nisa ba. Ta ɗebo ruwa a randa ta miƙo mini, da ta ga ina kwankwaɗa sai ta janye kwanon ta ce in yi a hankali. Ɗanta, wani magidanci, ya tayar da babur, aka ɗora jarka da kwanon kunu, na hau baya.

Mun tarar da Alhaji yadda na bar shi, ido a rufe, amma yana numfashi. Muka zuba masa ruwa a kai da ƙirji, muka ba shi kunu da ɗan gishiri. Sannan muka sa shi a tsakiyarmu a kan babur, na rungume shi ta baya. Duk ramin da muka faɗa sai in kira shi, sai ya amsa sannan in saki numfashi.

A Lambata masu shirya tseren sun riga sun fara cigiyarmu. Ashe ni da shi mun saki hanyar tseren, shi ya sa ba wanda ya biyo bayanmu. Aka kai shi wani ƙaramin asibiti aka sa masa ƙarin ruwa. Ni aka zaunar da ni a benci da shayi mai sukari da yawa. Kekunanmu sai da yamma aka je aka kwaso su.

Bayan mako guda Alhaji ya zo har gida da ɗansa babba, ya rame kaɗan. Ya ce tun daga rafin nan bai san komai ba sai farkawa da ya yi a asibiti. Ya riƙe hannuna ya daɗe yana yi mini addu'a, yana cewa an gaya masa ruwana na ƙarshe na ba shi. Na sunkuyar da kai ina cewa amin. Na so in gaya masa yadda na tsaya na tare gorar, har na buɗe baki, sai ya juya yana tambayar yadda za mu gano gidan tsohuwar nan mu je mu gaishe ta.

Mun je ranar Asabar ta gaba, a mota. Mun ɓata sau biyu kafin mu gane hanyar.