Mama Celestina, Mai Duba Bakin Kifi

Kafin ƙarfe bakwai na safe Mama Celestina ta riga ta iso kasuwar Gorton ta birnin Manchester da ƙafa, ta ɗaura rigar leda a kan suwaita biyu, ta zura takalmin roba mai tsawo. Ba ita ce mai rumfar kifin ba. Wani Bature ne mai ita, shi ne a gaba yana awo yana hira da masu saye. Ita tana can baya, tsakanin famfo da akwatunan ƙanƙara, tana kankare ɓawo, tana farke ciki, tana sare kai. Shekara goma sha tara ke nan tana wannan aiki, kuma da yawa daga cikin masu cin kifin da ta gyara ba su san fuskarta ba.

'Yar Numan ce. A bakin Binuwai ta tashi, mahaifinta masunci ne, ita ce kuma mai ɗaura masa ƙugiya tun tana 'yar shekara bakwai. Shi ya sa take da wata ɗabi'a da mai rumfar ya yi ta ƙorafi a kai har ya gaji ya bari. Duk kan kifin da zai bar hannunta, musamman wanda ake kira sibas, kifin teku mai kama da ƙaramin giwan ruwa, sai ta wage bakinsa ta zagaya da yatsa. Ta ce mini sibas mai kyau da ƙugiya ake kama shi, ba da raga ba, kuma wani lokaci ƙugiyar kan biyo shi har kasuwa. Turawa tsokar suke ɗauka, kan ya tafi shara da duk abin da ke cikinsa. Mu kuwa kan muke so. Mu yi farfesu da shi, mu tsotse shi, mu ɗebo naman kumatu mu sa wa yara a baki.

Na san ta ne a shekarar da aka rage ma'aikata a ofishin su Abdulsalam, maigidana, ya koma tuƙin tasi. Kifi ɗungum ya fi ƙarfinmu, sai kai. Ba ni kaɗai ba ce. Ranar Asabar layin matanmu a bayan rumfar ya fi na gabanta tsawo, har da matan likitoci, kowa da ledarta. Ni kuma ga goyo ga sauri, nakan ƙosa.

"Mama, ki zuba mini kawai, zan wanke a gida."

"Wanki daban, dubawa daban, Maman Zinatu. Mijin naki ba zai gudu ba. In ma ya gudu, tasi ce, zai dawo."

Wata rana ta nuna mini, ina rabin sauraro. Wuri huɗu ne, in ji ta. Mafi yawa ƙugiya takan kama a kusurwar baki, inda leɓen sama ya haɗu da na ƙasa. Sai leɓen sama. Sai rufin baki. Waɗannan ukun masunci kan gani ya zare abarsa. Na huɗun shi ne maƙogwaro, idan kifin ya haɗiye abincin tarkon gaba ɗaya kafin a ja shi. Nan ne ido ba ya kaiwa. Na ce to, na karɓi ledata na tafi.

Akwai waɗanda suka shaida fiye da ni. Rabi'a, maƙwabciyata a unguwar Longsight, tana tsaye Mama ta zaro ƙugiya mai tsatsa daga kan da aka riga aka ɗaure mata a leda. Akwai wata kwalbar zuma a kan kantar bayan rumfar, ta kusa cika da irinsu. Ba ta nuna wa kowa, sai wanda ya tambaya.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne a Birmingham, a gidan Anti Batulu, yayar maigidana. Mun je mata hutun mako, ni da 'yata Zinatu, lokacin tana da shekara uku. Anti ta samo kawunan sibas a wajen wani mai sayarwa a can, ta raba kowanne biyu da babbar wuƙa, ta yi mana miya da tuwon shinkafa. Bayan azahar muka zauna. Ina ɓare wa Zinatu naman kumatu ina ba ta, ita kuma tana kai hannu kwanon Anti tana ɗauka da kanta, muna dariya. Can sai ta yi tari, ta yamutsa fuska, ta zaro wani abu daga bakinta ta miƙo mini. Zaren roba ne fari, mai tsawon ɗan yatsa. Zaren kamun kifi. Babu ƙugiya a jikinsa.

Na tambaye ta ko wani abu ya soke ta. Ta nuna wuyanta, sannan ta nuna cikinta, sannan ta ga fuskata ta fashe da kuka. Yaro ɗan shekara uku duk inda ka tambaya zai ce nan ne. Anti Batulu ta riga ta mulmula lomar tuwo.

"Kawo ta nan. Ta haɗiye wannan ba tauna, ko mene ne zai wuce. Haka Inno mahaifiyarmu take mana."

Na kira Mama Celestina, na gaya mata abin da ya faru. Ban san me ya sa ita na fara kira ba. Ina jin ƙarar famfo a bayanta.

"Tana numfashi daidai? Tana haɗiyar yawu? Akwai jini?"

Na ce tana numfashi, kuka ma take yi, babu jini.

"To kada a ba ta komai. Wace ce nake jin tana maganar tuwo?"

"Yayar maigidana ce."

"Ki ce mata ƙaya daban, ƙarfe daban. Ta cinye tuwonta da kanta, ta ɗauko makullin mota, asibiti za ku. Kafin ta sa takalmi, ki duba mini zaren nan. Akwai ƙulli a wani gefe?"

Babu. Duka gefe biyun a yanke suke sumul.

"Yawwa. Yanka ɗaya na masunci ne, ɗaya na wuƙar gidanku. Masunci ba ya yanke zarensa don ƙugiyar da ke leɓe, zare ta yake yi. In ya yanke, to ta yi nisa, tana maƙogwaro. Me yarinyar ta ci?"

"Kumatu. Amma ta ɗauki wani a kwanon Anti, ban ga ko mene ne ba."

"Juye tukunyar a tire."

Na juye. Na bi ragowar kawunan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, miyar na ƙona ni. Babu komai. Na bi ƙasusuwan da muka tara a gefen kwano. Babu. A nan ne na zauna a ƙasan kicin ɗin, na ce wa Mama ban ga komai ba, ga ni zaune a ƙasa. Zinatu tana manne da bayana tana shessheƙa.

"'Yata, ba yanzu ake zama ba," in ji Mama, muryarta ba ta canza ba. "Ba ni mai girkin."

Na ba Anti wayar. Ta tambaye ta ko ta cire jan abin nan na ƙarƙashin kumatu, wanda kifi ke numfashi da shi, kafin ta dafa. Anti ta ce ai dole, ɗaci yake sa wa miya, takan fizge shi har da naman wuyan.

"Yana ina?"

"Yana shara."

"To Hajiya, a cire awarwaro."

Anti Batulu, wadda ko bawon albasa ba ta ɗauka sai da safar hannu, ta zazzage kwandon sharar a kan jarida ta tsuguna da leshinta. Ni na haska mata da fitilar waya. A dunƙule na uku muka ga ƙugiyar, ta nutse a naman maƙogwaro har wuya, da guntun zare da ƙullinsa a ɗaure. Na haɗa bakin guntun da wanda Zinatu ta ba ni. Kauri ɗaya, launi ɗaya.

Na ce, "Mama, mun gan ta."

"Mun gode wa Allah. Amma ku je asibitin duk da haka, ni ba likita ba ce. Ku tafi da ƙugiyar a leda su gani. Sai anjima, ina da layi."

Mun je. Awa biyar muka yi a kan benci kafin a kira mu, aka ɗauki hoto, aka ce babu komai a cikinta. Ban taɓa jin daɗin zaman jira irin na ranar ba. Zinatu ta yi barci a cinyata, Anti tana ta shinshina hannunta tana tsaki.

Mama, ke ce wadda na riƙa yi wa gajen haƙuri a layi. Ke ce kika san cewa abin da aka gyara don teburin Bature bai gama gyaruwa don namu ba, kuma ba wanda ya sa ki, ba wanda ya ƙara miki ko kwabo a kai. 'Yar masunta, mai yatsan da ya fi ido gani. A ranar ke kika hana a tura wa 'yata loma, ke kika tashe ni daga ƙasa, daga nisan mil tamanin, hannunki cikin ruwan ƙanƙara. Na gode. Abdulsalam ya gode. Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki jikokinki, ya ba ki lafiyar hutawa.

Na ce hutawa ne domin a ƙarshen watan nan Mama za ta ajiye aiki. Sanyi ya kama mata gaɓoɓin yatsu, likitanta ya ce ya isa haka. Wanda zai gaje ta na da saurin wuƙa, amma bai taɓa cin kan kifi ba, bai san me muke yi da shi ba. Saboda haka aikin ya dawo kanmu, iyaye mata na Manchester da Birmingham da duk inda ake ɗora tukunyar farfesu. Kuma duk wanda ke aiki a bayan wata rumfa, inda ba a ganinsa, ya sani cewa ran ɗan wani na iya kasancewa rataye a kan minti ɗayan da ya ƙi yin sauri.

Na tambaye ta me za mu kawo mata ranar Asabar ta ƙarshe, ko atamfa ko turare. Ta ce atamfa ta cika mata akwati. Ta ce duk mai so ta zo da safe, za ta ware kawuna ashirin, kowa ta sa yatsanta a bakin ɗaya har sai ta iya.

"Amma ki gaya musu su yanke farce tukuna. 'Yan gayun Longsight ɗin nan, da wannan farcen kifin ma sai ya kai ƙara."