Zamana a Gindin Aduwar Baƙi

Assalamu alaikum Edita. Ni ba mai ilmin boko ba ne, firamare ma ban ƙare ba, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, don mutanen da zan yi magana a kansu suna nan da ransu, kuma mafi yawansu jinina ne. Lokacin da abin ga ya faru ni manomi ne, gero da wake da damina, albasa da rani, ga mata ɗaya da ɗiyanmu. Ban taɓa kwana gaban alƙali ba, ban taɓa cin na wani ba. Mutum ne ni mai saurin magana, shi ne kawai aibin da aka san ni da shi.

Garinmu na asali yana gabas da Gandi, bakin daji. Da 'yan bindiga sunka matsa muna, munka kwashe abin da ke kwasuwa munka yo yamma. Wani bawan Allah ya ara muna tudu tsakanin Lahodu da Wurno, munka kafa tunga. Wurin ba wurin zama ba ne, gaskiya. Ƙasar tsakuwa ce, gero in ya kai ƙugu sai ya tsaya yana kallonka. Rijiya ɗaya, kafin azahar guga laka take ɗebowa. Farantin sola ɗaya gare mu, a nan kowa ke cajin waya. Munka zagaye kanmu da shingen ƙaya, munka bar ƙofa ɗaya. Wani malamin makaranta da ke cikinmu yakan ce mun zama kamar mutanen da ake nunawa a fim, waɗanda sunka tare wata duniya can bisa, in ka fita shinge babu iskar shaƙa. Muna dariya, amma haka muke ji a ranmu.

Tun farkon zama dattawa sunka ce 'yan bindiga ba su shiga gari sai da wanda ya nuna masu hanya, don haka baƙo ba shi shiga tungarmu, ko wane ne. Akwai wata aduwa daf da ƙofa ta waje, nan anka shimfiɗa tabarma, anka aje tulu da moɗa. Baƙo ya zo, ya zauna, ya sha ruwa, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya koma. Ni ma na yarda da hakan, moɗar ma ni na sayo ta kasuwar Gandi. Mai tallar allura da zare, gindin aduwa. Masu rigakafi, ta bisa shinge anka riƙa miƙa masu jarirai. Akwai wata Bafillata mai nono, ƙawar Innarmu tun suna 'yan mata, ita ma gindin aduwa, Inna ta fito da sanda su gaisa. Har mai haƙar rijiya da munka kira da kanmu ya ƙara muna zurfi, da ya iso anka ce ya zauna nan ya faɗi yadda ake yi, mu mu shiga mu yi. Mutumin ya dube mu, ya tambaya ko rijiyar za a fito mashi da ita waje, ya hau mashin ɗinsa ya tafi.

Ƙarshen damina, gero ya fara nuna, mu uku munka hau mashin za mu kasuwar Gandi. Da rana tsaka 'yan bindiga sunka tare mu. Ba zan tsaya faɗin abin da munka gani a daji ba, wanda ya sani ya sani. Abin da ya shafi labarin ga shi ne, a tafiyar kututture ya huda mani ƙafa, ta kumbura, ta fara wari, zazzaɓi ya rufe ni. Wata safiya babbansu ya zo ya tsaya kaina, ya toshe hanci, ya yi wa wani yaronsa magana, anka ɗora ni a mashin. Ni na ɗauka kai ni za a yi a kashe. Sai na waiga nic ce wa babban don Allah mi na yi? Ya wuce abinsa. Yaron ya kai ni bakin hanya, ya ture ni, ya juya. Shi ke nan. Ba a tambaye ni komi ba, ba a karɓi komi ba. Abokan tafiyata biyu suna can.

Wani mai motar kaya ya taimake ni har kusa da tunga. Da la'asar na iso ina jan ƙafa. Mata sunka ɗau guɗa, matata ta fito ba ko takalmi, Inna tana kuka tana shafa mani fuska ta tabbatar ni ne. Dattijonmu, wanda shi ke yanke magana a tunga, ya tsaya bakin ƙofa ya yi hamdala, sannan ya juya ga Yayana ya tambaye shi yaushe anka kai kuɗin fansa bai sani ba. Yaya yac ce ba a kai komi ba, ragon da za a sayar ma yana nan ɗaure.  Ƙanen ɗaya daga cikin waɗanda ke daji yac ce to in ba a ba su kuɗi ba, shi mi ya ba su? Dattijo ya dafa mani kafaɗa yac ce ɗana, ka sha tafiya, zauna nan inuwa ka huta tukuna. Inuwar da ya nuna ita ce ta aduwa. Na zauna ban gane ba, sai da anka miƙo mani ruwa a moɗar da na sayo.

Washegari anka faɗa mani hukunci. Sunka ce ba wai sun tuhume ni ba ne, amma zan zauna waje har a gama girbi, don lokacin ne mutanen daji ke zuwa. In an gama lafiya, in shiga gidana. In wani abu ya faru, to an san ta inda ya biyo. Nic ce yanzu gaskiyata tana hannun waɗanda sunka sace ni ke nan? Dattijo yac ce in yi haƙuri, ba don ni ba ne, don mata da yara ne. Yaya ya kafa mani bukkar kara, ya riƙa kai ni asibiti Wurno ana wanke ƙafar, amma a hanya ba ya magana, sai ƙarar mashin. Matata ke kawo mani tuwo. Rana ta farko ta durƙusa tac ce sannu da zuwa baƙo, daga wane gari, don ta ba ni dariya. Na yi dariyar, ita kuma ta fashe da kuka. Ɗiyana an hana su fitowa, ta kafar shinge muke gaisawa. Ina zaune ina hangen gonata, wasu na yanke mani gero.

Abin da ya fi gajiyar da ni tambayoyi. Kullum wani ya zo ya tsuguna, wai ya zo duba ƙafa. Bindigoginsu wane iri ne, ta wace hanya anka bi da ku, mi suke ci. In na ba da amsa dalla-dalla, sai in ji an koma ciki ana cewa kun ji yadda ya san su. In nic ce ban sani ba, zazzaɓi nake yi, sai a ce ɓoyewa yake. Na gwada yin shiru, anka ce shirun nan ba na banza ba ne, mutumin da a da bakinsa ba ya rufuwa. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tambayata komi ba, Bafillatar nan mai nono. Ta zo ta iske ni a tabarma, ta dube ni ta dubi ƙofa, tac ce a'a, kai ma an maido ka wajenmu? To matsa, wurin ga na riga ka. Ta dama mani fura ta ƙi karɓar komi.

Ana cikin girbi ɗaya daga cikin abokan tafiyata ya dawo, bayan danginsa sun sayar da shanun nomansu. Ɗayan Allah ya yi mashi rasuwa can. Wanda ya dawo shi kai tsaye anka shiga da shi, don shi an biya. Na sa rai zai wanke ni. Da anka tambaye shi, yac ce shi bai san komi ba, abin da ya gani dai an ɗora ni a mashin, na waiga na yi magana da babbansu, bai ji mi nic ce ba. Wallahi gaskiya ya faɗi, ko kalma bai ƙara ba. Amma daga ranar matar mamacin in ta fito za ta itace, sai ta tofar da yawu ta gefen aduwa. Ban ga laifinta ba. Ni ma da ina ciki, ban san abin da zan ce ba.

Anka gama girbi, anka ɗaure dammuna, ba abin da ya same mu. Tungayen da ke maƙwabtaka da mu kuwa an shiga wasu, an kwashe masu dabbobi. Na naɗe tabarmata da safe ina jiran a ce bismilla. Dattawa sunka daɗe a masallaci, sannan sunka fito. Wai an duba, an shiga gabas da mu, an shiga arewa da mu, an tsallake mu. Mi ya sa? Sai don suna da mutum a nan. Edita, a nan kaina ya juye. Nic ce wa dattijonmu, Baba, da sun zo fa? Yac ce da kai ka kawo su. Nic ce to ga shi ba su zo ba. Ya dubi ƙasa yana tona ta da sanda, yac ce ɗana, abin da wuya. Na dubi Yaya, shi kuma yana duban akuya. Har na koma ina tuhumar kaina. Ko cikin zazzaɓin na faɗi wani abu ban sani ba? Ko na yi masu alkawari na manta? Mutane da yawa in sunka haɗu a kan magana ɗaya, kai kanka sai ka fara jin ko su ke da gaskiya.

Na kwashi matata da ɗiyana munka koma Wurno. Inna ta tsufa, ta zauna wajen Yaya. Na kama ɗaki, na shiga dakon buhunan albasa da ƙafar da har yau ba ta koma daidai ba. Mai ɗakin ma sai da ya tambaye ni wa ya san ni a garin. Na yi dariyar da shi bai gane dalilinta ba.

Da rani ya yi tsakiya labari ya iske ni an shiga tungarmu da rana, an kore dabbobi, har farantin solar an ɓalle. Ba a taɓa rai ba, alhamdu lillahi. Ba a daɗe ba sai ga Yaya a kasuwar albasa. Mutumin da ya girme ni, ya tsuguna gefena cikin ɓawon albasa. Yac ce dattawa sunka aiko shi, in dawo gida, an gyara mani ɗaki cikin shinge, an ware mani gonar da ke kusa da rijiya. Hawaye ya kawo mani. Nic ce Yaya, ashe dai kun gane ba ni da hannu. Yac ce ƙanena, yanzu ba wagga maganar ake ba. Lokacin da kana nan ba su zo ba, ka tashi sun zo. Ka dawo ka zauna kawai, kuma in kana da lambarsu ka gaya masu ka koma. Na tsaya ina kallon bakinsa. Nic ce Inna fa, ita ma haka ta ɗauka? Yac ce Inna cewa ta yi ko mi kake, ɗanta ne kai. Duk abin da anka yi mani a daji bai kai wagga kalma ciwo ba, kuma na san da ƙauna ta faɗe ta.

Ban koma ba. In na koma na amsa laifin da ban yi ba, kuma ranar da anka sake shiga, ni za a fara nema. Amma duk Juma'a in an sauko nakan je gaida Inna. Ƙofa a buɗe take gare ni yanzu, har roƙona suke in shigo in sha fura. Ni kuwa gindin aduwa nake zama, Inna ta fito da sandarta mu gaisa, kamar yadda take yi da ƙawarta mai nono. Ba fushi ba ne, fushin ya daɗe da ƙarewa. Ban dai san a matsayin wa zan shiga ba.

Har gobe ban san abin da ya sa mutumin nan ya sake ni ba. Wata rana in ce warin ƙafar ne, wata rana in ce kwanana ne ke gaba. Ban kuma ce mutanenmu miyagu ne ba, tsoro ne ya yi masu yawa, kuma tsoron yana da dalili. Abin da nake roƙon masu karatu, musamman waɗanda tashin hankali ya tara wuri ɗaya irin mu, ku yi tsaro, amma kafin ku zaunar da mutum waje ku tambayi kanku mi zai yi ya fita daga zargin. In kun duba ba ku ga hanyar fita ba, to ba tsaro kuke yi ba, wani abu ne daban. Kuma wanda Allah ya maido maku daga daji da ransa, kada ku tambaye shi don mi bai mutu ba. Shi ma bai sani ba. Moɗar nan tana nan rataye jikin aduwa, da ita nake shan ruwa in na je. Ranar da na saye ta, ban taɓa kawo ma raina bakin wa za ta shiga ba.