Ranar da Baba Ya Raka Mu Mashaya

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta East Greensboro, ni da yayata da kyamararta, sai baƙon da ba mu gayyata ba: Baba.

Wani kamfanin giya ne ya ba yayata aikin ɗaukar hotunan wata tsohuwar mashaya ta maza masu neman maza, cikin shirinsu na adana tarihin irin wuraren kafin su rufe. A gida cewa ta yi aikin tarihi ne. Baba ya ce 'ya'yansa mata ba sa yin nisa su kaɗai. Mun san in ya gano, kyamara da karatun hoto sun ƙare.

Hanya sumul kamar an yi mata guga. A garin Summerfield na ga dawakan da suka fi ni gata, kowanne da filinsa. Da muka tsaya shan mai, Baba ya ji kuɗin kofi ya yi salati kamar an aiko da rasuwa, muka koma kan fanken Mama. Yayata ko loma ɗaya ba ta ci ba.

Da muka isa, dabararmu ita ce Baba ya jira a mota. Mun manta halinsa: ba ya zuwa ƙofar mutum ya tafi bai gaishe shi ba. Ya gyara hula, ya wuce ƙarƙashin tuta mai launin bakan gizo, alamar masu irin wurin, ya rangaɗa sallama.

Mai wurin tsoho ne da sanda. Baba ya tambaye shi gida da aiki da gajiya, sannan ya kalli kwalabe, ya kalli yayata. Idonsa ya kai bango, inda aka jera hotunan samari, wasu rungume da juna.

"Waɗannan suna ina?"

"Sun mutu, zamanin ƙanjamau," in ji tsohon. "Da yawansu dangi ba su zo ba. Mu muka binne su."

Baba yana cikin masu wankan gawa a masallacinmu.

"Ko uwa?" in ji Baba.

Tsohon ya girgiza kai.

Baba ya juya ga yayata. "Yi aikinki. Ina waje."

Da ta gama, muka kamo hanyar dawowa. Sai a ƙofar gida Baba ya kashe mota ya ce, "Wurin nan ban yarda da shi ba, kuma ƙaryar da kika yi mini akwai zama a kanta. Amma hotunan bangon nan, ki fito da su sosai, a ga fuskar kowa."

Yayata ta shiga ɗaki da kyamararta.

Tafiyar ta nuna mini ban gama sanin Baba ba. Yana iya ƙin wuri har cikin ransa, amma jin an bar mamaci babu nasa, wannan ba ya iya ɗauka.