Jiragen Gwangwani Na Baba Lamidi

Baba Lamidi ya rasu.

Ina cikin soya wa wani ƙwai da safen nan wani mai Keke Napep, maƙwabcin Baba, ya taka birki a gaban teburina. Ko inji bai kashe ba ya ce, "Sale, ka ji Baba Jirgi ya cika?"

Har ƙwan ya ƙone ban sani ba. Mai ƙwan ne ya sauke kaskon da kansa.

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Bayan salati, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne alkawarin da na yi masa, cewa ba zan bari jiragensa su hau sikelin 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa ba. Da wannan alkawari na wuni yau.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Lamidi dattijo ne Bayarabe haifaffen Jos, tsohon mai gyaran agogo da rediyo. Ni kuma kun san ni, shayi nake sayarwa a Titin Bauchi, nan Jos. Abin da ya haɗa mu gwangwanin madara ne, shi ma wanda aka riga aka shanye.

Ranar da ya fara zuwa wurina ya sha shayinsa ba sukari, sai na ga ya koma yana leƙen kwandon sharata. Na ɗauka wani abu ne ya faɗa masa ciki. Ya ɗauko gwangwani guda, ya jujjuya shi, ya dube ni kamar na sakar masa awaki a gona.

"Wa ya koya maka huda gwangwani haka? Ka ɓata tarago sukutum!"

Na ce a raina, to, yau kuma ga wanda Allah ya kawo mini.

Bai tafi ba sai da ya nuna mini inda zan riƙa hudawa, can bakin gefe, 'yar ƙaramar huda. Ya kuma hana ni ƙwanƙwasa gwangwani a bakin kofi, wai ina lotsa masa kaya. A teburina, da madarata!

Da ya ga ina yi masa kallon mai taɓin hankali, sai ya ce in na tashi in zo gidansa.

Jama'a, na je. Na tsaya a ƙofar falo na kasa shiga.

Babu kujera ko ɗaya. Wani ƙaton tebur ne tun daga ƙofa har taga, a kansa kuma ga layin dogo da aka yi da ƙarafan tsofaffin laimomi, ya zagaye duwatsu na gaske da Baba ya tsinto a Kuru. Ga gada, ga tasha da ɗan agogonta mai aiki, ga kududdufi irin na tsofaffin ramukan kuza na Naraguta. Ya taɓa wata waya, sai ga baƙin kan jirgi ya fito daga cikin dutse yana jan taragu, kuma duk gwangwanaye ne aka yanka aka miƙe aka liƙe da dalma. Injin kuwa motar tsohuwar rediyo ce mai kaset.

Wasu taragun baƙin yashin kuza ne a ciki, wasu kwal, wasu shanun yumɓu da ƙahonninsu.

Ni da gemuna na tsuguna ina tafi.

Na ce, "Baba, ina taragon mutane?"

Ya ce, "Mutane suna da baki, za su ba da labarin kansu. Jirgin kaya fa? Shi ya gina garin nan, amma ba wanda ya taɓa ɗaga masa hannu."

Mahaifinsa mai zuba kwal ne a injin jirgin kaya, aikin da ya kawo shi Jos daga Kudu ke nan. Baba yakan ce bai taɓa ganin ainihin launin tafin hannun babansa ba. Yakan ba ni labarin wani ɗan ƙaramin jirgi mai siririn layi da yake hawowa daga Zariya yana nishi, wanda tuni aka cire layinsa. In ya fara wannan labari shayinsa sai ya huce, in ɗumama, ya sake hucewa.

Akwai maganarsa da ba zan manta ba. Ya ɗaga gwangwani ya ce, "Ka san kuzar da aka kwashe daga ƙasar nan ita ake shafa wa wannan don kada ya yi tsatsa? Ta tafi a tarago, ta dawo da madara a cikinta. Ni kuma ina mai da ita tarago. Ka ga ashe ba ta ɓata ba."

Tun daga lokacin nake wanke masa gwangwanaye ina tarawa.

Bai taɓa yaba shayina ba. Kullum cewa yake ruwan ɗauraye kofi ne, kuma kullum sai ya shanye.

Rishona in ya yi gardama, shi ne likitansa. Rediyona kuwa ya mutu ya tashi a hannun Baba ban san sau nawa ba.

Da iska ta yaye mini kwanon rumfa wata damina, kafin in gama salallami ga shi ya iso da guduma da ƙusoshi a aljihun rigar sanyinsa.

Da aka yi mini haihuwar fari, ya ƙera ɗan tarago ya rubuta sunan 'yata a jiki, ya ce ta shiga layi.

Duk lokacin da gari ya ɗan rikice, wayarsa ce ta farko. "Sale, kana ina? Rufe tebur ka tafi gida. Gwangwani zai jira."

Matarsa, wadda duk muke kira Iya, ita ce babbar mai adawa da jiragen nan. Atamfa take sayarwa, mace ce mai jama'a, amma baƙinta a baranda suke zama don jirgi ya cinye falo. In ta hango ni da leda sai ta riƙe ƙugu.

"Sale, ka sake kawo masa bola ko? Allah zai tambaye ka!"

Sannan ta bi ni ciki, ta tsaya a kan Baba yana aiki, ta yi ta masifa. Shi kuma ko ɗago kai ba ya yi, sai dai ya ce, "Iya, matsa, kin tare mini haske."

Ganina da shi na ƙarshe makon jiya ne. Ya zo a hankali, hannunsa na rawa har shayi na zuba a faranti. Ranar bai zagi shayin ba, kuma bai shanye ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Ya ce ya je Kuru ya ga tsofaffin taragu na gaske, ciyawa ta fito ta cikinsu, ɓarayi sun yanke abin da za su iya yankewa.

"In na ƙarfe ma haka aka yi musu, ina ga nawa? 'Ya'yana suna Ikko, ba ruwansu da jirgi. Iya kuwa ka san ta. Ranar da na tafi 'yan gwangwan za su zo. Kada ka bari a ɗora su a sikeli."

Na ce, "Haba Baba, wace irin magana ce wannan da sassafe?"

Ya riƙe mini hannu. "Alkawari na ce ka yi mini."

Na yi masa.

Shi ya sa yau da na isa gidan, kafin in gaisa da kowa sai da na leƙa falon ta taga. Komai na nan lulluɓe da tsohon zane, yadda yake barin su. Hankalina ya ɗan kwanta. Na ce in babban ɗansa ya iso daga Ikko zan same shi mu yi magana.

Bayan Azahar muka sallace shi, muka kai shi makwancinsa. Muna cikin rufewa hadari ya haɗo, kafin mu fito ruwa ya kece irin na Jos, mai sanyin nan da ke shiga ƙashi.

Ni duk tunanina yana kan 'yan gwangwan. Ko kusa ban kawo zaman makoki a raina ba.

Ashe da ruwa ya sauko, matan da suka cika tsakar gida sun rasa wurin fakewa. Maƙwabta suka ga falo ga shi nan ba kowa ciki sai kayan wasa. Suka yi abin da ake yi a kowane gidan rasuwa, suka kwashe kaya suka shimfiɗa tabarmi.

Da muka dawo na tarar da teburin a waje, an jingine shi da bango, layin dogon na reto ruwa na dukansa. Duwatsun an watsar. Taragun kuma an ɗura su a buhunan shinkafa an ajiye a bayan gida, kusa da shara.

Kuma ga wani ɗan gwangwan tsaye da kurarsa, ya ɗaga buhu ɗaya yana jin nauyinsa.

Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba, a gidan makoki, mutane na ji. Bawan Allah ya saki buhun ya ja da baya. "Oga, yi haƙuri, ai cewa aka yi bola ce."

Ba laifinsa ba ne. Ba laifin matan ba ne ma, taimako suka zo yi. Wannan ne ya fi ci mini rai, don na rasa wanda zan yi wa fushi.

Na kwance buhunan. Taragu sun lotse sun shige cikin juna, shanun sun farfashe, yashin kuza ya taru a ƙasa ya jiƙe. Na zazzage su duka ina neman kan jirgin.

Babu shi.

Nan na zauna cikin taɓo na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Ko wuni ɗaya alkawarin bai yi a hannuna ba bayan rasuwarsa.

Ina nan zaune wata mata ta zo ta ce Iya na kirana. Na goge fuska na je na durƙusa a bakin ƙofar falo. Tana can lungu, mata sun kewaye ta, idanunta sun kumbura. Na fara yi mata gaisuwa.

Sai ta ɗaga gefen hijabinta. Kan jirgin ne a cinyarta, ta rungume shi da hannu biyu.

"Ina ɗaki ban san abin da suke yi ba," in ji ta. "Da na fito shi kaɗai ya rage a tebur. Sale, har yanzu yana warin hannunsa."

Na ce, "Iya, ki ba ni izini in tafi da buhunan. Ɗakina ɗaya ne, amma zan nema musu wuri."

"Ka kai su ina? Nan ne falonsu. Nan za su koma."

Na dube ta, na faɗa mata gaskiya. "Iya, sun lalace. Ni kuma shayi na iya. Gwangwani kawai nake kawowa, ko ƙafar tarago ɗaya ban san yadda ake ɗaurawa ba."

Ta share hawaye da bakin hijabi.

"Ni na sani. Duk shekarun nan da nake tsaye a kansa ina masifa, ce maka aka yi idona a rufe yake? Hannuna ne ba ƙarfi. In an share makoki ka zo da naka."

Ta sa aka shigar da buhunan ɗakinta, da taɓonsu da komai. Teburin kuma ni da mai keken nan muka ja shi ƙarƙashin baranda.

Ya Allah, ga bawanKa Lamidi ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka haɗa shi da mahaifinsa a Aljanna. Ka ba Iya da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi, ni kuma Ka ba ni ikon cika abin da na ɗauka.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko ka san Baba ko ba ka san shi ba, ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. Ku sa da Iya a ciki, yau ce ranarta ta farko a gidan nan ba shi.