Faifan Birki

A filin matattun motoci na Sana'iyya, unguwar makanikai a can ƙasar waje, Garzali direba yana jiran a ciro masa madubi, sai idonsa ya faɗa kan wani dattijo. Rigar masu gadi ce a jikinsa, ta koɗe a kafaɗa, da gani ya daɗe yana tsaron ƙofar wasu. Yana tsugune gaban wata mota da ta lotse, amma bai taɓa ta ba sai da ya yi wa mai ita addu'a, ya shafa.

Yana kwance faifan birki a hankali, yana gwada shi da wani zare mai ƙulli. Wataƙila daga gida ya taho da awon.

Garzali ya matsa. "Sannu Baba. Wace mota za a sa wa?"

"Tawa, tana gida. Birkinta na baya tsohon yayi ne, na diram. Yarona ya sha cewa a mayar da shi na faifai, ina ce masa sai na zo hutu."

"Ai kuwa zai ji daɗi."

Dattijon ya goge faifan da hannun rigarsa, ya rungume shi a ƙirji.

"A gangaren Hawan Kibo birkin ya ƙi kamawa, yaron yana tuƙi," in ji shi. "Ita motar ta gyaru. Shi kuwa sai addu'a."