Ranar da Na Rera Baitocin Baba Sale

Har gobe ba zan manta da ranar da aikin duba rubutu ya mayar da ni mawaƙi ba. Watana uku ke nan a wani shagon buga takardu a Yelwa, bayan na kammala digiri a fannin Hausa. Ƙa'idar aikin ita ce, idan an buga rubutu a kwamfuta, in gwada shi da na asali, mai shi ya duba ya sa hannu, sannan a kai inji.

Wata Alhamis da hantsi, Baba Sale, wani tsohon tela daga Fadaman Mada, ya zo duba aikinsa. Tun yana saurayi yake rubuta baiti guda da ajami bayan sallar Asuba, kuma ba ya ɗaukar alƙalami sai da alwala. Ya ce da baitocin yake gaya wa Ubangiji abin da ba ya iya gaya wa mutane. Yanzu idonsa ya yi rauni, jikokinsa kuma ba su iya ajami ba, shi ya sa ya kawo littafinsa guda na juya masa zuwa boko.

Da na miƙa masa takardun sai ya ce, "Ɗana, da wane ido? Yi alwala ka karanto mini."

Na yi alwala, na gyara murya, na fara tamkar mai labaran rediyo.

"Tsaya! Sanarwar rasuwa kake yi? Rerawa ake yi. In ba a rera ba, ta yaya zan san wani abu ya faɗi?"

Ni kuwa ko a banɗaki ban taɓa waƙa ba. Na dubi mai shagon, Madam Rifkatu, ina neman ceto. Sai ta ce, "Malam Digiri, kwastoma ya yi magana. Fara, zan riƙe maka amshi. Ni fa mawaƙiya ce a cocinmu!"

Na rera. Muryata ta fito kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba. Ɗaliban da ke layin fotokwafi suka tuntsire da dariya, amma kafin baiti na goma duk sun kama amshin: "Ya Allah, ji ƙan bawanka." Wani mai keke da ya leƙo neman fasinjansa ya ja benci ya zauna. Ni kaina na tsinci kaina ina rangaji, hula ta karkace.

Kwatsam Baba ya ɗaga hannu. "Ina baitin Hajara?"

Hajara matarsa ce marigayiya. Ashe shafi biyu ne suka manne, na tsallake har da baitin da ya yi washegarin jana'izarta. Sau uku na duba aikin ban lura ba. Baba ya rera baitocin da ka, ina bugawa. Da ya kai ƙarshe kowa ya ce amin, sannan na kama hannunsa na nuna masa wurin sa hannu.

Ranar na fahimci cewa idon mai duba rubutu abin da ke kan takarda kawai yake gani. Abin da ya faɗi, mai shi ne ya san gurbinsa. Yanzu duk wanda ya kawo waƙa, sai na rera masa kafin a buga. Madam dai ta ce muryar har yanzu tana bukatar addu'a.